Taswirar da ta Mance da Damagaram

Duk wanda ya taɓa halartar irin tarurrukan nan da masu ba da agaji suke shiryawa a manyan masaukan baƙi na Yamai, ya san wata taswira da ake yawan haskawa a bango, wadda aka ɗiga ɗigo a kan kowane birnin da wata ƙungiya mai zaman kanta ta kafa mazauninta, har yammacin Turai da gabashin Amurka suka yi baƙi ƙirin kamar allon da tawada ta zube a kansa, alhali kuwa Afirka, in ka ɗebe Nairobi da Dakar da Johannesburg da wasu ƴan birane, tana nan fari fat sai ɗigo jefi-jefi. Ni ma na taɓa zama a irin wannan majalisi. Bayan taswirar duniya sai mai jawabi ya kawo ta Nijar, na ga Yamai ta cika ta tumbatsa, na duƙufa ina neman Damagaram, na same ta da ƴan ɗige-ɗigen da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Hukuncin da ya yanke a kan wannan, cikin ladabi da tausasa lafazi, shi ne wai mutanen ƙasashe matalauta, musamman na karkara, ba su riga sun saba da haɗa kai don maslahar jama'a ba, sai an koya musu. Ban yi masa musu a wurin ba, domin baƙo ne kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne taswirar ba ta yi ƙarya ba a kan abin da ta ƙirga, illa dai abin da ta ƙirga ɗin takarda ce da ofis da hatimi, kuma a kan wannan ƙidaya ake raba dukiya da kujerun shawara.

Mu fara da asalin ƙidayar. Tun shekarar 1907 akwai wata cibiya a birnin Brussels ta ƙasar Beljiyam wadda sana'arta ita ce tattara sunayen ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a cikin kundi. Da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, sai aka sa wani sashe a cikin usulanta, sashe na 71, wanda ya halatta wa majalisarta ta tattalin arziki da zamantakewa ta riƙa shawara da ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. A 1946 ƙungiyoyi 41 suka sami wannan matsayi, yau sun haura dubu shida. Sai a 1996 aka faɗaɗa ƙofar yadda ƙungiyoyin cikin ƙasa ɗaya za su iya shiga ba tare da wahala mai yawa ba, amma sharuɗɗan suna nan: ƙungiya ta kasance tana da tsarin mulki rubutacce, da mazauni sananne, da shaidar rajista ta aƙalla shekara biyu, da bayanin kuɗin shiga da na fita, kuma a rubuta takardar neman da Turanci ko Faransanci. Wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa da idon basira zai gane cewa an ɗinka rigar ne daidai jikin waɗanda suka riga kowa zuwa wurin tela, wato irin su ƙungiyar Red Cross da aka kafa a Geneva a 1863, da Save the Children ta Ingila ta 1919, da Oxfam ta 1942, da CARE ta Amurka ta 1945, da likitocin MSF na Faransa na 1971. Waɗannan duka sun tsiro ne inda dauloli masu ƙarfi suke, inda bankuna suke, inda attajiri yake samun rangwamen haraji in ya yi sadaka, inda kuma jakadun duniya suke taruwa. Ofishin ƙungiya, kamar rumfar ɗan tireda, yana bin inda ciniki yake ne.

To, abin da ya faru tsakanin Turai da Afirka, shi ne ya faru tsakanin Yamai da Damagaram, kuma ƙiyasin bai da wani nisa. Zinder, wato birnin Damagaram, ita ce hedkwatar mulkin Faransawa a wannan ƙasa tun daga 1911, har zuwa 1926 da suka kwashe kayansu suka koma Yamai, a bakin kogin Kwara, bayan sun daɗe suna ɗari-ɗari da masarautar da aka kashe musu Kaftin Cazemajou a cikinta a 1898, suka kuma tuɓe sarkinta a 1906 bisa zargin shirya musu tawaye. Tun daga ranar nan duk wani abu mai hatimi ya bi su: ma'aikatu, da ofisoshin jakadanci, da manyan makarantu, daga baya kuma ofisoshin masu ba da agaji. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jihar Zinder ce ta fi kowace jiha yawan mutane, da sama da miliyan uku da rabi, alhali Yamai ba ta wuce miliyan ɗaya da ƴan kai ba. Amma duk da haka, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, izinin ƙarshe na kafa ƙungiya daga hannun ministan cikin gida yake fitowa, wanda ke zaune wajen kilomita 900 daga Zinder. Mutumin Magariya ko Matamai, wanda Kano ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, in yana son jama'arsa ta shiga kundi, sai ya nemi wanda zai rubuta masa tsarin mulki da Faransanci, ya kai takardu, ya yi ta jira, ya nemi wani ɗan'uwa a babban birni da zai riƙa bin sawunsu daga biro zuwa biro. Mafi yawan mutane ba su yi, kuma ban ga laifinsu ba, domin rashin takardar bai taɓa hana su aikin da suka taru dominsa ba.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata tare da ni, mu waiwayi abin da ke ƙasa tun kafin a zo da hatimi. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya daɗe a gadon sarauta har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igogi a cikin garinsa, babu wata sana'a a Damagaram da ba ta da jama'arta da shugabanta da ladubbanta. Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da sarkin fawa, wanzamai suna da sarkin aska, majema da dukawa, waɗanda fatunsu suka yi suna har bayan hamada, suna da manyansu masu raba gardama da tsayar da farashi da ɗaukar nauyin ɗan sana'a in ya faɗi ciwo ko ya rasu ya bar marayu. A unguwar Zango, inda attajirai irin su Malam Yaro suka zauna, fatake suna haɗa ayari su naɗa madugu, su ba shi amanar rayukansu da dukiyarsu daga nan har Kano ko har Gat da Tarabulus, a kan sharuɗɗan da kowa ya sani ko da ba a rubuta ba. Malamai suna da zaurukansu da tsangayunsu, inda gari ke ciyar da almajirin da bai san uwarsa ba, ƴan ɗariƙa suna da zawiyoyinsu. A ƙauye kuwa akwai gayya, wadda take nome gonar gajiyayye a yini guda, akwai samariya da sarkin samarinta, akwai adashin mata da bikin da ake ramawa ninki. Malamanmu suna da sunan da ya tattara mafi yawan wannan, wato farali na kifaya, aikin da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Kuma duk ɗalibin sira ya san labarin Hilful Fuduli, alkawarin da wasu gidajen Makka suka ƙulla tun kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa za su tsaya wa wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Al'ummar da ta tashi da wannan karatu ba ta buƙatar a zo daga Geneva a sanar da ita mene ne ta'awuni.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi ɗaya gefen, don kada a ce na zo yabon gida ne kawai. Waɗancan jama'o'i na da, kusan dukkansu a ƙarƙashin inuwar fada suke, sarki ke naɗa shugabanninsu, kuma ta hannunsu ake karɓar haraji, saboda haka sun iya taimakon ɗan'uwa amma ba su iya tuhumar mai mulki ba. Daular da ta gina ganuwar nan kuma da cinikin bayi ta yi wani ɓangare na arzikinta, kuma ba sarkin sana'a ko ɗaya da ya tashi ya ce a bari. Wannan aiki na tsayawa gaban hukuma a ce mata ta yi kuskure, sabuwar ƙungiya ce ta zo da shi, irin Timidria da aka kafa a 1991, wadda ta yi ta fafutuka har aka sa bauta cikin manyan laifuka a dokar ƙasa a 2003. Shugaba Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ya fahimci ƙarfin samariya sarai, shi ya sa ya raya ta, ya gina mata gidaje a garuruwa, ya sa ta gina azuzuwa da shuka itatuwa, amma ya ɗaure ta a gindin gwamnati tare da ƙungiyar matan Nijar da ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa, har ta zama ba ta da bakin kanta. Da mulkin soja ya kau, sai ta bushe kamar reshen da aka sare. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne jinin ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, da zanga-zangar mata ta 13 ga Mayu 1991, da babban taron ƙasa da aka buɗe ran 29 ga Yuli na wannan shekara. Kuma a 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, haɗakar ƙungiyoyin fararen hula ta rufe kasuwannin manyan garuruwa har gwamnati ta janye shi daga wasu kayan. Wannan alheri ne da gayya ba za ta iya kawowa ba, kuma wanda ya musa shi ya yi butulci.

Amma ƙofar da ta buɗe wa masu gaskiya ita ce ta buɗe wa masu jaka. Kowa a Zinder ya san irin ƙungiyar da shugabanta da ma'ajinta da magatakardanta duk ƴan gida ɗaya ne, ofishinta jakar hannu ce, manufarta kuma tana sauyawa da sauyawar abin da masu kuɗi suke so a bana: in an ce ilimin ƴaƴa mata, ita ce, in an ce sauyin yanayi, ita ce, in an ce zaman lafiya, nan ma ita ce. Irin wannan tana da ɗigonta a taswira. Matan da suka shekara ashirin suna zuba kuɗi duk mako a ƙarƙashin bishiya ba su da shi.

Misalin matan nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ya isa hujja. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a ƙauyukan jihar Maradi mai suna Mata Masu Dubara, wanda ba kome ba ne illa adashin da iyayenmu mata suka gada, aka yi masa ƴan gyare-gyare: a sami akwati mai makullai a hannun mata daban-daban, a riƙa ba da rance daga abin da aka tara, a raba a ƙarshen zagaye. Ba a zuba musu jari daga waje ba. Tsarin ya bazu zuwa Damagaram da sauran jihohi, daga nan ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har ya zama abin da ake koyarwa a manyan makarantun Turai da wani suna na Turanci. To, in mai ƙidaya ya zo, sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a Geneva ko Atlanta inda manyan ofisoshin CARE suke, dubban akwatunan da suka haifi dabarar kuwa su tafi a matsayin waɗanda aka taimaka wa. Haka kuma labarin gawo yake a Magariya da Matamai da Mirriya, inda manoma, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu, suka yi yarjejeniya a tsakaninsu a kan wanda ya sari na wani, har ƙasar da ta yi fayau ta koma duhuwa. Masana sun ƙiyasta cewa filin da aka rayar ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan biyar, kuma ba su farga da girman abin ba sai da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, saboda babu rajistar da aka rubuta shi a ciki.

Da a ce illar wannan ƙidaya ta tsaya ga suna kawai, da sai mu yi dariya mu wuce, amma dukiya tana bin ta. A watan Mayu na 2016 aka yi babban taron agaji na duniya a Istanbul, manyan masu bayarwa suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2020 rubu'in kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke isa gare su kai tsaye bai kai ko kashi 5 cikin 100 ba. Sauran yana biyowa ta tsani ne: daga gwamnatin mai bayarwa zuwa wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ko babbar ƙungiya, daga nan zuwa ofishinta na Yamai, daga nan zuwa ƙaramin ofishi a Zinder, sannan a nemi wata ƙungiyar gida a ba ta ƙwadagon rabawa, kuma a kowane mataki ana cire kuɗin haya da mota da albashi. Ba na mance cewa a yunwar 2005 waɗannan baƙi ne suka buɗe cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a Maradi da Zinder, suka ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma duk uwar da aka mayar mata da ɗanta a raye ba za ta yarda a zage su a gabanta ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya ga ciwon da idonsa shi ne na ƙarshe da ake tambaya, kuma furojen shekara uku yakan tafi da motocinsa ya bar allon suna yana tsatsa a bakin hanya. Wasu manyan ƙungiyoyin sun ji wannan suka, ActionAid ta mayar da hedkwatarta Johannesburg, Oxfam ta mayar da tata Nairobi. Wannan ba laifi, amma ga mutumin Tanut ko Gure, Nairobi da Landan duk sammakal.

Akwai kuma wata illa ta cikin gida wadda ta fi damuna. Tun shekarun 1990 samarin Zinder suke kafa fada-fada a bakin titi, suna shan shayi, suna tara ɗan kuɗi don bikin junansu, wasu suna share unguwa ko gadinta da dare. Da aka bar su ba mai kula, ba aiki, ba mai jin ta bakinsu, sai wasunsu suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin ƙarfi da ake kira fale, waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta mai suna Zinder na 2021, kuma kowa ya tuna abin da gari ya gani a tarzomar Janairun 2015. Su ma suna da shugaba da ma'aji da dokoki da horon wanda ya saɓa. Buƙatar haɗa kai ba ta taɓa ƙaranci a garin nan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta kai wannan haɗin kai ga majalisar magajin gari.

Yanzu kuwa zamani ya juya ta yadda mas'alar ta daina zama ta masu nazari kawai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomi sun janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa a ƙarshen 2024, sun umarci kwamitin Red Cross na duniya ya bar ƙasar a farkon 2025, kuma a 2025 ɗin Amurka da kanta ta rushe hukumarta ta USAID. Hukuma tana da haƙƙin tambayar baƙo abin da ya kawo da inda ya kai shi, ban musa ba. Amma korar baƙo ba ta haƙa rijiya, kuma ina tsoron hannun da ya saba rufe ofishin baƙo kada ya zarce ga bakin ɗan gida mai faɗin gaskiya. Ko ta yaya dai, ɗige-ɗigen taswirar suna raguwa, kuma abin da zai saura shi ne abin da bai taɓa dogara da su ba.

Ba a rasa misalin waɗanda suka gina babba daga irin wannan tushe. A Yatenga ta ƙasar Burkina Faso, Bernard Lédéa Ouédraogo ya ɗauki gayyar samarin Mosi ya mayar da ita ƙungiyoyin Naam tun 1967, suka zama ɗaya daga cikin manyan haɗakar manoma a Afirka ta Yamma. A Bangladesh kuma BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta girma har ana lissafa ta cikin mafi girma a duniya, kuma kaso mai yawa na kuɗinta daga sana'o'inta yake fitowa. Abin da nake roƙo ga hukuma ƙarami ne: a bar ƙungiyar da aikinta bai wuce gari ɗaya ba ta yi rajista a ofishin magajin garinta, da Hausa ko Barbarci, da boko ko ajami, a gama a yini guda. Ga attajiran Zango da na kasuwar Dole, waɗanda ba su gaza wajen gina masallatai ba, Allah ya saka musu, ina tunatar da su cewa babin wakafi a littattafan fiƙihu bai tsaya ga masallaci ba, ya haɗa da rijiya da makaranta da gidan jinya da rumfunan da hayarsu za ta riƙa ciyar da wata jama'a bayan ran mai bayarwa; kuma garin da matansa suke kwana a layin famfo duk bazara, ga matatar man SORAZ tana aiki a gefensa tun 2011, bai rasa inda za a sa wakafi ba. Ga ƙungiyoyin kansu, sharaɗin amana shi ne littafin hisabi da ake karantawa a bainar mambobi, da kuɗin da mambobin suka zuba da hannunsu, domin wanda ya zuba dala shi ke da bakin tambayar inda ta shiga.

Ita kuwa ƙidayar, tun da ba za a daina raba kaya da ita ba, gara mu yi tamu. Jami'ar André Salifou tana nan a cikin gari, da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai kowace shekara. A raba musu unguwanni, Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari da Kara-Kara, sannan gundumomi ɗaya bayan ɗaya, su bi su rubuta kowace akwatin mata, da kwamitin rijiya, da jama'ar ƴan garuwa, da fadar samari, da masu gyaran maƙabarta, da adadin mutanenta da shekarunta da abin da take tarawa a wata, a buga shi da Hausa da Faransanci, a ajiye kwafi a ofishin gwamna da fadar Sarkin Damagaram, a kuma miƙa wa duk baƙon da ya sauka da niyyar taimako tun kafin ya kama hayar gida.